Bazarar da Baba Ya Goye Ni

Sun sare tsamiyar nan ta bakin tsohon sikelin gyaɗa. Ban ga saranta ba, labari aka kawo mini, na matsa sai da aka kai ni na gani da idona. Inda inuwarta take a da, yanzu kwalaben mai ne jere a kan tebura, 'yan kabu-kabu na shiga suna fita kamar zuma a bakin amya, kowa na danna oda, ba mai jin wani. Na tsaya na dogara da sandata ina neman ko da kututture, babu. Maraɗin da na sani ba ta da wannan hayaniya. Da hantsi abin da za ka ji shi ne kukan jakuna, da ƙararrawar raƙuma, da waƙar 'yan dako in sun ɗaga buhu, sai jefi-jefi gurnanin kamiyo ɗaya ko biyu, manyan motocin nan masu ɗaukar gyaɗa zuwa kudu. A lokacin ba a daɗe da hawowa tudu ba bayan gulbi ya ci tsohon gari, gidaje duk sababbin gini ne, tituna a miƙe kamar yadda kumandan, Baturen mulki, ya ja su da igiya. A gindin tsamiyar nan muke hutawa mu 'yan dako, mu sha fura, mu yi gardamar kokawa. A gindinta kuma na yi maganar da ta fi kowace magana yi mini nauyi a rayuwata.

Ni haifaffen Jiratawa ne. Duk wanda ya tashi can a wancan zamani ya tashi da ƙarar bugun yumɓu a kunnensa da hayaƙin gashin tukwane a rigarsa. Gidanmu gidan Anna ne tun kakanni, masu noma da yanka wa iskokin gida kafin shuka. Mahaifina ne ya fara barin wannan hanya. Wani mai wa'azi ya riƙa zuwa yana zama a bakin kasuwa, Baba ya riƙa tsayawa yana ji, har wata shekara da aka tara dangi za a yi yankan gona ya ce shi ba zai sa hannu ba, ya bi Yesu Almasihu. 'Yan'uwansa maza suka raba gona da shi, suka daina cin tuwonsa. Uwata ta rasu ina ƙarami, saboda haka mu biyu ne a gida, shi ke daka, shi ke tuƙi, mata na wucewa suna dariya. Da furfurarsa ya koyi karatun boko, yana bin baƙi da yatsa yana motsa leɓe. Kowace safiya kafin ya ɗauki hauya sai ya zaunar da ni ya karanta layi biyu ko uku, ya yi addu'a, ya ambaci 'yan'uwan nan nasa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina zaune ina ƙirga kaji. Bangaskiyar tasa ce, ni rataya mini ita aka yi kamar rigar aro.

Da na yi ƙarfi sai na gudo Maraɗi. Allah ya ba ni ƙira, buhun da mutum biyu ke kamawa ni kaɗai nake sungumarsa. Na samu ɗaki a Sabon Gari tare da wani Bagobiri Musulmi da muke kira Dogo, mutum mai raha wanda ba ya riƙe kowa a zuci. Ban taɓa gaya wa kowa ko ni ɗan wane ne ba. In Lahadi ta yi, na ji muryar masu bi daga ɗan ɗakin sujadarsu, sai in sake hanya. Kalmar da nake tsoro ita ce a ce mini ɗan mishan. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da ke da majami'u masu rufin kwano da lasifika. Mu a lokacin masu bi ba su cika tabarma uku ba, yawancinsu kuma waɗanda duniya ta tura gefe ne: gwauraye, da waɗanda suka warke daga kuturta, da manoma irin Baba.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar kakar gyaɗa, muna zaune gindin tsamiya sai ga wani tsoho da jakar fata a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Ya tsaya nesa kaɗan ya fito da 'yan takardu ya fara magana da masu wucewa. Baba ne. Abokan aikina suka fara yi masa ba'a, wani yana kwaikwayon muryarsa, wani ya jefa ɓawon gyaɗa ya sauka a kan hularsa. Ya ɗago kai, idonsa ya faɗa kaina, fuskarsa ta washe. Dogo ya lura, ya zungure ni.

"Kai, tsohon ga kamar ya san ka. Mi ke tsakaninku?"

Na ce, "Ni? Ban san shi ba. Wani mahaukacin ƙauye ne dai."

Aka kwashe da dariya. Na tashi na nufi sikeli na ɗauki buhun da ba a ma kira ni in ɗauka ba. Da na waiwayo, babu shi. Na riƙa gaya wa kaina cewa da hayaniyar kasuwa bai ji ba. Na yi watanni ina gaya wa kaina haka.

Da bazara ta kankama sai sanƙarau ya shigo gari. Manya kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke, amma saurayi ba ya jin wannan magana sai ya kwanta. Ni da ciwon kai ya fara mini, kamar ana buga turmi a tsakiyar ƙwaƙwalwata, kafin la'asar wuyana ya sandare, ko haɓata ba na iya saukarwa. Hukuma ta sa an kakkafa bukkokin zana a bayan gari, can ake kai duk wanda ciwon ya kama, aka kewaye wurin da shinge, aka sa masu gadi a bakin hanya. Dogo ne ya kai ni. A cikin zafin zazzaɓi, in ji shi, na yi ta kiran Baba ina faɗin Jiratawa, ina faɗin jakar fata. Nan ya gane. Bai tsaya tambayar kowa ba, ya kama hanya da ƙafa cikin ranar nan mai ƙona tafin sawu, ya je ya yi ta cigiyar tsoho mai takardu har aka nuna masa gidanmu.

An gaya wa Baba a bakin shingen cewa duk wanda ya shiga ba zai fito ba sai ciwon ya lafa, kuma ba a ba shi tabbacin zai fito da ƙafarsa. Ya ce ya ji. Ya tuɓe takalmansa ya shiga. Kwanakin da suka biyo baya ba ni da su, sun ɓace mini kamar an yage su. Abin da ya rage mini 'yan guntaye ne: ɗacin ƙwayar magani da malamin asibiti ke narkawa a ludayi, da sanyin tsumma a goshina, da wata murya ƙasa-ƙasa tana rera waƙar sujada ba daidai ba, don Baba bai taɓa iya waƙa ba. A bukkokin da ke kewaye da mu ana ta fitar da mutane a nannaɗe cikin tabarma. Ni aka bar ni. Amma ranar da na farfaɗo na tarar kunnena na hagu ya toshe ɗif, ƙafata ta dama kuma tana kwance kamar ta wani.

Da aka buɗe shingen, Baba ya ce Tsibiri za mu, don akwai ɗakin magani na mishan a can, kuma yayarsa tana aure a garin. An nemi jaki, amma ba na iya zama, da an ɗora ni sai in sulale. Sai ya kwance rawaninsa ya durƙusa ya ce a ɗora masa ni. Tsoho mai furfura ya goya ƙaton da ke sungumar buhu. Gaskiya ciwon ya cinye ni, amma ƙashi yana nan. Dogo ya yi ta roƙo a ba shi ya karɓa, Baba ya ba shi sau biyu, sauran hanyar shi ya yi. Muka bi gefen gulbi inda yashi ya bushe, muna tsayawa gindin kowace gawo. Kumatuna na kan kafaɗarsa, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, ina jin gumin wuyansa. Mata masu dawowa daga itace suka riƙa cewa sannu, Baba, Allah ya ba shi lahiya. Shi kuwa ga kowace sai ya amsa, "Ɗana ne." Ba wadda ta tambaye shi. Na rufe ido na yi kamar barci nake.

Gwaggo, yayar Baba, ita kaɗai ce cikin dangi ba ta yanke shi ba. Tana nan kan hanyar kakanni, da layunta da ɗan ɗakin iskokinta a bayan rumbu, mace mai faɗa da baki mai taushin hannu. Ta share mana zaure ta shimfiɗa yashi sabo. Nan na yi wata uku. Jinya a wancan zamani aikin hannu ce, babu abin da ake saye a leda. Da asuba Gwaggo ta dama kunun kanwa, Baba ya tallafe ni ya ba ni. Da hantsi ya goya ni zuwa ɗakin magani a duba ni, a wanke gyambon da kwanciya ta yi mini a kwankwaso. Da rana Gwaggo ta narka man shanu ta murza ƙafar tun daga cinya har yatsu tana yi mata faɗa kamar yarinya mai ƙiwuya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaskon toka da nake bayan gida a ciki. Baba ne ke sa mini shi, shi ke fita da shi, shi ke wanke ni. Ran farko na juya fuska bango, ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi maka wanga aiki kana jariri, hannuna bai manta ba." Yanzu nakan je gaida marasa lafiya a lopital, babban asibiti, in ga ɗaki fes, ga ruwa a rataye, ga magani iri-iri da mu ba mu yi mafarkinsu ba, na kuwa gode wa Allah da su. Amma sau da yawa nakan ga majinyaci ya zauna nesa da gado kansa a sunkuye kan waya, mara lafiya na kallon rufi. Mu ba mu da komai sai hannu, shi ya sa muke taɓa juna.

Jikina ya fara karɓar abinci, amma zuciyata ta ƙi. Duk alherin da Baba ya yi mini sai ya zame mini kamar garwashi. In ya buɗe littafinsa da safe, sai in juya masa kunnen da ya mutu. In ya ce mu yi addu'a, sai in ce kaina na ciwo. A raina na riga na yanke cewa Allahn Baba ne ya kama ni saboda abin da na faɗa, kuma wanda ya kama ka da gaskiyarsa ba ka da bakin roƙonsa. Na daina ƙoƙarin motsa ƙafar. Baba ya kafa mini gora biyu a tsakar gida don in riƙa kamawa ina koyon tsayuwa, na ƙi ko kallonsu.

Wata rana da ya tafi ɗebo ruwa na kira Gwaggo na ce ta yi mini yanka. Na san tun zuwanmu take son ta yanka baƙin bunsuru, Baba ya roƙe ta ta bari. Ta ajiye mazarinta ta dube ni.

"Bunsuru na nan ɗaure, ba shi ne wuya ba. Amma ba ni yi a bayan idon ƙanena. Kuma bari in gaya maka, ɗan nan, na yi jinyar mutane da yawa. Wanda iska ta taɓa na san shi. Kai ba iska ke cin ka ba. Akwai abin da ka haɗiye ya tsaya maka a maƙoshi. Ko mi ne ne, ka amayar da shi, in ba haka ba man shanuna asara nike yi."

Kwana biyu ina juya maganarta. A rana ta uku da hantsi, Gwaggo ta tafi kasuwa, Baba na zaune ta hagu da ni yana miƙar da ƙafar yana lanƙwasawa kamar yadda aka nuna masa. Na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Na ce, "Ranar da ka zo kasuwar Maraɗi, an tambaye ni ko na san ka." Na ci gaba har na ƙarasa. Na faɗa masa duka, har da kalmar mahaukaci. Ban iya duban fuskarsa ba. Na ji hannunsa ya tsaya a kan gwiwata, na ga ta gefen ido bakinsa na motsi, amma ba abin da ya iso gare ni. Ta kunnen da ya mutu yake magana. Amsar da na yi wata da watanni ina tsoro ta zo ta wuce ban ji ta ba.

Na ce, "Baba, ban ji ba."

Sai ya yi dariya, 'yar gajeriya, ya dafa ƙasa ya tashi da ƙyar, ya kewayo tabarmar ya zauna ta dama, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Na ce na ji ka tun ranar. Kunnena biyu lahiya lau suke. Ya yi mini zahi, ba ni ɓoye maka, har Jiratawa ban san inda nike sa ƙahwa ba. Amma kahin in tahi na laɓe bayan rumhwar masu gishiri na kalle ka ka ɗauki buhu. Na ce, Ubangiji, dubi ƙarhin da ka ba yaron ga, kada ka bari ya ɓace maka. Kai ka ce ba ka san ni ba. Ni ban taɓa cewa ban san ka ba."

Na ce, "To ai Allah ya rama maka. Ga ni kwance."

Ya girgiza kai da ƙarfi. "Kul! Kada ka ƙara. Waɗanda aka fitar cikin tabarma, duk iyayensu suka zaga? Ciwo ciwo ne. Wanda nike bi, nasa mutane sun gudu sun bar shi ranar wahala, da ya tashi kuma su ya hwara nema. In ramuwa yake yi, da ni ya hwara kamawa, ni da na yi rabin rayuwata ban waiwaye shi ba. Ba kama ka ya yi ba, ɗana. Jiran ka yake."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun mutuwar uwata. Bai hana ni ba, ya dai riƙe mini kai. Da na lafa ya ce ko in yi addu'a. Na ce ban iya ba. Ya ce, "Yadda ka gaya mini, haka za ka gaya masa." Addu'ata ta farko ke nan da bakina, ba ta fi kalma goma ba, babu ko amin a ƙarshenta. Gwaggo ta dawo ta tarar da idanunmu jawur, ta dube ni ta dube shi, ta ce, "To. Yau a ƙara tuwo."

Ba zan ce ƙafar ta warke ran nan ba, ba ta warke ba, har yau jan ta nake yi. Abin da ya sake shi ne washegari na ce a kai ni wurin gorar nan. Na faɗi ya fi a ƙirga. Na koma ina juya wa karatun safe kunnen kirki, har na karɓi littafin ina haɗa baƙi da kaina, Baba na gyara mini. Ran Lahadi ya goya ni zuwa ɗan ɗakin sujada na laka, na zauna tsakanin wata makauniya da wani mutum da kuturta ta cinye wa yatsu, mutanen da a da nake sake hanya don kada a gan ni da su. Mutumin nan ya riƙe mini takardar waƙa da dungulminsa don in gani. Makauniyar ta lalubo fuskata ta ce, "Kai ne wanda muke ta yi wa addu'a? Ashe ƙato ne." Dogo ya zo gaisuwa da goro a aljihu, ya durƙusa gaban Baba ya nemi gafarar dariyar da ya yi, Baba ya ce wanda ya taka rana har Jiratawa ya riga ya wanke bakinsa da ƙafarsa. Gwaggo kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta shiga ɗakin sujada ba. Ranar da na fara taku uku ba gora, ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce wa Baba, "Allahnka ya yi ƙoƙari. Amma kada a manta da man shanuna."

Ana cikin haka gabas ta fara haɗa hadari. Na lura Baba na yawan fita ƙofar gida yana duban sama, sai na tuna gonarsa tana can ko sassabe ba a yi ba, kuma ba shi da wanda zai yi masa. Wanda ya rasa shukar ruwan farko ya san abin da ke jiransa. Na ce mu tafi gida. Ya ce ban yi ƙwari ba. Na ce in jaki zai ɗauke ni, na yi. Muka isa Jiratawa ana saura kwana biyu ruwa ya sauka, ya yi ta sharar gona shi kaɗai ina zaune gindin kalgo ina tsince iri.

Ruwan ya zo da yamma, mai yawa. Da gari ya waye ƙasa na ƙamshi, kowa ya fita da sungumi, gonaki sun cika da muryoyi. Baba ya shiga gaba yana sara rami, taku ɗaya sara ɗaya. Shuka aikin mutum biyu ne, mai sara da mai binne, shi kuwa ya saba ya sara layi ya dawo ya bi shi da iri. Na ɗauki ƙoƙon gero na rataya a wuya, na kama sandata na shiga layin. Ya waiwayo ya buɗe baki zai hana ni, sai ya fasa. Na jefa iri a ramin farko, na dogara da sanda da ƙafar kirki, na jawo ragguwar ƙafar nan na tura ƙasa da diddigenta na danne. Ta yi. Na matsa na biyu. A gonar da ke maƙwabtaka da mu ƙanen Baba ne da 'ya'yansa, wanda ya yi shekaru bai yi masa magana ba. Ya tsaya ya dogara da sunguminsa yana kallonmu, tsoho a gaba, gurgu a baya, muna tafiya kamar hawainiya. Can sai ya ɗaga murya.

"Yaya! Wancan ɗanka ne da aka ce ya mutu Maraɗi?"

Baba ya share gumi ya juyo gare ni. Ni na amsa, da duk muryar da ciwo ya bar mini, har na gonaki uku suka ɗago kai.

"Ni ne, Baba ƙarami! Ɗansa ne. Ina kwana?"